Ƙafa Uku Daga Katanga

Ranar da aka sauke katakon da ya tallafe benen maƙwabcinsa Sheikh Tanvir, Allah Ditta ya ɗaga kai ya ga taga. Faɗinta ƙafa huɗu, tsayinta biyar, kuma tsakar gidansa take kallo kai tsaye. Bai nemi tef ɗin awo ba. Shekara arba'in da biyu ya yi yana gini a Gujranwala ta ƙasar Pakistan, idonsa ya ishe shi awo.

Daidai inda tagar ke kallo, matarsa Sughra na zaune a gadon igiya. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye. Kullum da hantsi 'yarsu Parveen takan fito da ita, ta cire mata mayafi, ta shafe mata kai da ƙafafu da mai, ta bar ta ta sha rana har azahar. Fitarta ke nan duka a duniya. Ita ma ta ga tagar, ta kuma ga lebura a tsaye a cikinta yana goge gumi. Ta sa hannunta mai lafiya ta jawo mayafi.

"Parveen, mai da ni ciki."

Kwana uku ba ta sake fitowa ba, ga hunturu ya kama, ɗakin kuma sanyi kamar randa.

Allah Ditta ya fara da maƙwabcin nasa, don haka ake yi. Sheikh Tanvir ɗan kasuwar yadi ne, bara ya sayi filin. Allah Ditta ya same shi a kujerar roba gaban tulin yashi, yana duba waya.

"Ustad ji, babban magini! Zo ka zauna. Ka ga aiki ko? Faɗi gaskiya, ya kai naku na da?"

"Tagar nan ta sama, a toshe ta."

"Haba, ko gaisuwa babu? Ɗakin ɗana ne, bikinsa bayan sallah. Baƙin gilashi zan sa, da labule mai kauri. Labule kuwa ka san a gidana yake."

"Ana ɗaga labule."

"Wa zai ɗaga? Mu mutanen kirki ne. Me ma za a kalla a gidanka, Ustad ji, igiyar shanya?"

Allah Ditta ya dube shi har sai da murmushin Sheikh Tanvir ya bushe. Sannan ya juya ya nufi ofishin ƙungiyar masu gidaje.

Ofishin ɗaki ɗaya ne kusa da babbar ƙofar unguwa. Sakataren, Rana Mushtaq, tsohon akawun kotu ne mai son takarda da ƙin rigima. Ya ɗauko littafin dokoki zai fara buɗawa.

"Ba sai ka nema ba," in ji Allah Ditta. "Ta goma sha ɗaya. Tagar bene in tana fuskantar gidan wani, ba ta sauka ƙasa da ƙafa bakwai daga daɓe."

Karatunsa bai wuce aji biyu ba, amma rabin gidajen unguwar shi ya gina su, dokokin suna kansa kamar Fatiha.

"Haka take," Rana ya ce. "A taswirar da Sheikh Tanvir ya kawo mana ma babu taga a wannan ɓarin. Amma Ustad ji, ba za ku sasanta ba? Shayi ɗaya ya ishi maganar nan."

"Na je. Ka zo ka auna."

Ran Lahadi da safe Rana ya zo da dattawan kwamiti biyu. Suka hau benen, suka auna. Ƙafa uku daga daɓe. Babu abin musu. Sheikh Tanvir bai yi musun ba. Ya leƙa ta tagar, ya miƙa yatsa ƙasa.

"Rana sahib, tunda tef na hannunka, wancan fa? Doka ta nawa ce ta ce a bar ƙafa uku tsakanin gini da katanga? Ni na bari. Shi fa?"

Duk suka leƙa. A kusurwar gidan Allah Ditta akwai ɗan ɗaki manne da katanga, ko tafin hannu ba zai shiga tsakaninsu ba. Ɗakin tanderu ne. Ya gina wa Sughra shi shekarar da suka tare, don ta ce ba ta iya cin gurasar kasuwa.

Rana ya yi gyaran murya. "Wataƙila ɗakin ya riga dokar."

Hanya ce ya buɗe masa, kowa ya gane. Allah Ditta bai bi ta ba.

"Dokar ta riga shi da shekara biyu. Na san da ita ranar da na haƙa tushensa. A lokacin, bayan katangar fili ne, awaki ke kiwo."

Sheikh Tanvir ya tafa hannu. "Kun ji da bakinsa! Malamin doka ashe shi ya fara tsallake ta. To ni ba mai tsanani ba ne. Ya riƙe ɗakinsa, in riƙe tagata, a sha shayi."

Dattawan suka gyaɗa kai, sun samu mafita. Rana ya ja Allah Ditta gefe.

"Ustad ji, in na rubuta masa takarda, dole in rubuta maka. Ba na iya rufe ido ɗaya."

"Wa ya ce ka rufe? Rubuta biyu."

"Ɗakin shekara talatin fa."

"Da ɗaya. Rubuta."

Da ya koma gida ya shiga wurin Sughra. Tana kwance cikin bargo biyu, ƙafar da ta shanye ta yi sanyi, Parveen na murza mata. Ya zauna a bakin gado ya gaya mata yadda aka yi, bai rage ba, bai ƙara ba. Maganarta a hankali take fita tun ciwon, amma harshen na nan.

"Ɗakin tanderuna?"

"Shi."

"Kai da ka ce ko girgizar ƙasa ba ta kayar da shi."

"Girgizar ƙasa ba ta san inda na ɗaure shi ba. Ni na sani."

Parveen ta ce, "Abba, a ƙara wa katanga tsayi mana. Ko a kafa rumfa."

"Katanga ba ta wuce ƙafa takwas, ita ma doka ce. Rumfa kuwa ranar za ta tare. Rana muke nema."

Sughra ta gyara bargonta. Rabonta da hura tanderun tun kafin ta kwanta, yanzu a kan gas Parveen ke gasa gurasa. Amma daga gadonta na tsakar gida takan zuba wa ƙofar ɗakin ido, shi ma ya sha ganinta.

"Baban Parveen, in ka rushe, zai toshe tagar?"

"Zai toshe."

"Ka tabbata, ko girman kan naka ne?"

"Duka biyun."

"To rushe. Amma kada ka kira kowa. Ba na son baƙon hannu a kansa."

Washegari bayan karin kumallo ya ɗaure kai da rawani, ya ɗauko guduma da tsani. Shekarunsa saba'in da huɗu. Bai yi irin rushewar 'yan kwangila ba, a daki gini ya zube. Daga sama ya fara, yadda ya gama shi. Ya sauke rufin, ya bi layi layi, kowane bulo ya ƙwanƙwasa shi ya fito, ya kankare masa tsohon siminti, ya jera a gefe. Ƙarar ta tara mutane a ƙofar gida. Leburorin Sheikh Tanvir suka ajiye aiki suna kallo daga sama. Wani maƙwabci ya ce a bari ya turo masa mutum biyu.

"Su zo su koya, ko su zo su ɓata mini bulo?"

Kwana biyu ya ɗauka. A rana ta biyu sai ya riƙa hutawa bayan kowane layi, yana zaune kan tsani kamar mai nazarin aikin. Tanderun kansa tukunyar yumɓu ce binne cikin dandamali. Ya yi ta haƙa gefenta a hankali don ya fitar da ita lafiya. Wutar shekaru ta riga ta cinye ta, yana ɗagawa ta rabe uku. Ya tsaya ya dube ta. Sannan ya kwashe gutsattsarin ya kai bayan gida, inda ba a hange daga ɗakin Sughra.

Ya share wurin tas, ya aika a kira Rana.

Rana ya zo da tef, Sheikh Tanvir na biye da shi. Babu abin aunawa, katanga ce tsirara da baƙin hayaƙi a jikinta. Duk da haka Allah Ditta ya sa shi ya auna, ya rubuta, ya sa hannu. Sannan ya ɗaga guduma ya nuna sama da ita.

"Saura ɗaya."

Sheikh Tanvir ya dubi dattawan da suka taru, babu wanda ya yarda suka haɗa ido.

"Wallahi Ustad ji, kai ba mutum ba ne, dutse ne. Wasa fa nake yi! Wa ya ce ka rushe ɗakin Baji, yayarmu Sughra?"

"Kai ka ce."

"To yanzu in kai amarya ɗaki mai duhu kamar kabari? Iyayenta sun zo sun gani, tagar nan suka fi yabawa."

"Wa ya ce duhu? Magininka ne bai san aiki ba. A toshe ƙafa huɗu na ƙasa, a fasa sama har kusa da rufi, a faɗaɗa ta ƙafa shida. Hasken sama ya fi cika ɗaki, zafi kuma ta nan yake fita. Gidan ubanka a tsohon gari ba haka tagoginsa suke ba?"

Sheikh Tanvir ya tuna gidan ubansa. Haka suke.

"Ga bulo nan," Allah Ditta ya ce, ya nuna jerin da ƙafa. "A ɗiba. Ya fi naka ƙonuwa. Naka da farce ake kankare shi."

Mutane suka yi dariya, Rana ma ya ɓoye tasa a bayan littafi. Ya ba da wa'adin mako guda. Ba a kai ba. Ran Alhamis Allah Ditta ya tsaya a tsakar gidansa, hannu a baya, yana kallon maginin Sheikh Tanvir na jera bulo a bakin tagar. Sau biyu ya daka masa tsawa a kan layin ya karkace, sau biyu aka warware aka sake.

Ran Juma'a da hantsi Parveen ta fito da uwarta. Sughra ta daɗe tana duban sama, ta ga siririyar taga can ƙarƙashin rufi, inda ko dogon mutum sai ya taka kujera. Ta juya ta dubi kusurwar da babu komai. Ta saki mayafin ya zame kafaɗa, Parveen ta zuba mai a tafin hannu.

"Baban Parveen."

"Na'am."

"Iska na shigowa ta wurin nan yanzu. Tana dukan ƙafata."

Ya tashi, ya kama gadon ta wajen kai, Parveen ta kama ta ƙafa, suka matsar da ita taku biyu zuwa tsakiyar rana.