Masaukin Gwaggo Kififiya

Wani mafarki Malam Sallau ya yi a daren jiya, irin wanda in ka ba da labarinsa sai a tambaye ka abin da ka ci kafin ka kwanta. Shi kuwa bai ci komai ba, shayi kawai ya kurɓa.

Malam Sallau tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana zaune shi kaɗai a ɗaki biyu a Tudun Wadar Zariya tun da matarsa Lantana ta rasu bara. Autarsa Sa'ade tana aikin jinya a Lakwaja. A zuwanta na ƙarshe ta shigo masa da kififiya, wato kunkurun ruwa, wadda ta karɓa a hannun masunta, ta sa mata suna Gwaggo saboda tamojin wuyanta. Ta rubuta masa abin da za a tanada a bayan wata takardar magani: akwatin gilashi mai faɗi, ruwan famfo da ya kwana, dutsen da za ta riƙa hawa ta bushe, da fitilar da za ta ɗumama ta. Da za ta tafi ta ce, "Baba, ran Asabar ta sama zan dawo. In na tarar ɗayanku ya rame, ku duka biyun zan kwasa mu tafi Lakwaja." Ba da wasa ta faɗa ba. Shi kuma ba ya son barin ɗakin da Lantana ta shekara talatin tana sharewa.

Ya je ya tambayi kuɗin akwatin gilashin, aka faɗa masa, ya yi godiya ya dawo gida a ƙafa. Fanshonsa bai kai nan ba. Gwaggo ta ci gaba da zama a bokiti, kwana huɗu ba ta taɓa abinci ba. A haka ya kwanta ranar Litinin.

Mafarkin ya fara ne a kasuwa, rana tsaka. Rumfunan duk a kan layin dogo suke, suna tafiya a hankali. In ka ja ciniki da tsawo sai rumfar ta wuce, ka ƙarasa shi da wani. A gabansa wata mata ta taya albasa, aka sallama mata katifa, ta ɗora a ka ta tafi. Ba wanda ya ga abin mamaki, shi ma bai gani ba. Damuwarsa ɗaya ce, bokitin da ke hannunsa sai ƙara nauyi yake.

Rumfar mai gilashi ta iso. Mutumin dogo ne, da fensir a kunne. Malam Sallau ya bi rumfar da sassarfa.

"Akwati nake so, na kififiya."

"Sabo, ko wanda ya ga duniya?"

"Wanne ya fi sauƙi?"

"Babu mai sauƙi, Baba." Mutumin ya leƙa bokitin. "Amma tsaya. Ita a jikin gilashin za ta zauna, ko a cikinsa?"

"A cikinsa."

"To me ya kai ka sayen gilashi? Sayi cikin, ka bar mana gilashinmu."

Malam Sallau ya ga maganar ta zauna. Mutumin ya ɗauko wani babban akwati, ya karkata shi, ya juye cikinsa a baƙar leda, ya ƙulle bakin. Ledar ta kumbura tim. Babu komai a ciki, amma babu komai ɗin mai faɗi ne.

"Nawa zan bayar?"

"Ba ma karɓar kuɗi a nan. Kawo Talata."

Ya laluba aljihu, ya ji kwanakin makon suna nan a ninke kamar tikiti. Ya zaro Talata ya miƙa. Mutumin ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce ta ɗan sha jiki, sai an haɗa da Laraba. Rumfar tana tafiya, ledar tana hannun mutumin, numfashin Malam Sallau ya fara sarƙewa. Ya ƙara masa. Sai da rumfar ta sha kwana sannan ya gane cewa yanzu kwana biyu kacal ne tsakaninsa da Asabar.

Sai ga shi a ɗakinsa, ya tara ruwan famfo a baho. Ruwan ya ƙi kwanciya. Ya tashi zaune a cikin bahon, ya jingina da bango.

"Ka kwanta mana," in ji Malam Sallau. "Takarda ta ce sai ka kwana."

"Ina so," in ji ruwan, "amma na sha tafiya a bututu, idona ya bushe. Kuma ba na iya barci a baƙon wuri."

Ya yi masa fifita, bai kwanta ba. Ya lulluɓa masa bargo, bargon ya jiƙe, ruwan ya nemi gafara. Ya fara yi masa tatsuniya, bai yi nisa ba ruwan ya katse shi, ya ce ya san wannan, shi ne ma kogin da ke cikinta, kuma ba haka aka yi ba. Malam Sallau ya tashi ya zaga ɗakin, ya leƙa taga, ya dawo ya zauna, ya sake tashi.

"Sallau."

Daga bokiti muryar ta fito. Ba ta sa masa Malam ba, kuma bai ji haushi ba. Tun ranar da aka fara kiranta Gwaggo ya san za a zo nan. Ya rusuna.

"Na'am, Gwaggo."

"Kai ne ka hana shi. Ruwa fuskar mai kallonsa yake ɗauka. Kai ba ka zauna wuri ɗaya ba, shi ya za a yi ya kwanta?"

"Lokaci ne babu, Gwaggo."

"Ba shi Alhamis ya yi matashi da ita, ka fita ka ba shi wuri."

Ya zaro Alhamis, ya ninka biyu, ya tura ƙarƙashin kan ruwan. Kafin ya kai bakin ƙofa ruwan ya fara minshari, irin ƙarar butar shayi in ta kusa tafasa.

Sai ga shi a bakin kogi, bokiti a dama, leda a hagu. Yashi ne shimfiɗe iya ganinsa, babu dutse ko na jifan tsuntsu. Wani mai kwale-kwale da ke tuƙi a kan yashin ya ce masa duwatsun duk sun tafi gaisuwar mutuwa, saura ɗaya, ya nuna masa da baki.

Lantana ce zaune a kan dutsen, da faifai a cinya, tana tsintar wake. Zanen da take ɗaurawa in za ta shiga kicin ne a jikinta. Ya san ta rasu, ita ma da alama ta sani, amma ba wanda ya ɗauko zancen.

"Malam, ka rame," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Rigar ce ta yi girma."

"Ni na sayo yadin. Na san girmanta."

Ya ajiye bokitin. Sau uku yana buɗe baki zai yi maganar dutsen, maganar tana komawa. Daga ƙarshe abin da ya fito shi ne, "Murfin shuɗiyar tukunyar nan, ina kika ajiye shi? Na duba ko'ina."

"Yana bayan buhun gawayi, inda yake kullum. Ba shi ka zo tambaya ba."

"Dutsen ne. Auta ce ta ce..."

"Na san abin da ta ce. 'Yata ce."

"In kin tashi, ina za ki zauna?"

Sai a lokacin ta dube shi. "Ai ni yanzu ba na gajiya, Malam. Don kada a ɗauke shi kafin ka iso na zauna a kai."

Ta miƙe, ta taka cikin ruwa har gwiwa, ta ci gaba da tsintar wakenta a tsaye. Ya sunkuya ya ɗauki dutsen. Bai fi burodi nauyi ba, kuma da ɗuminsa.

"Ba sai ka sayi fitila ba," in ji ta. "Amma ka hanzarta, ɗumin ba ya daɗewa."

Ya zaro Juma'a zai miƙa mata.

"Ni za ka biya?"

Kunya ta kama shi. Kafin ya mayar da ita aljihu iska ta fizge ta, ta faɗa kogi, ruwa ya tafi da ita. Ya so ya zauna nan ko da a kan yashi ne, ya taya ta tsintar waken. Sai jirgi ya yi kuka daga nesa, ƙafafunsa da suka shekara talatin da biyar suna amsa wannan kukan suka juya da kansu. Da ya waiwaya, ta tagar jirgi yake hango kogin.

Asabar ce a cikin jirgin, kowa ya sani. Sa'ade tana tahowa tsakanin kujeru da fararen kayan asibiti da hular mai duba tikiti, tana tura sikelin auna buhu. Kowane fasinja sai ya hau. Wanda ya rame sai a nuna masa taragon baya, wanda aka rubuta wa Lakwaja da alli. Malam Sallau ya faki idonta ya zura dutsen a aljihu.

Ta iso, ta durƙusa. "Baba, ina wuni. Bismillah, hau."

Ya hau. Allurar sikelin ta tafi ta tsaya daidai inda aka rubuta Lafiya Lau. Sa'ade ta dubi allurar, ta dubi aljihunsa.

"Baba, cire abin da ke aljihunka."

"Na innarki ne."

Ta gyara hularta. "Na sani, Baba. Shi ya sa. Nauyinta ne, ba naka ba."

Ya cire. Allurar ta dawo baya a hankali, ta wuce inda ta fara, ta kwanta. Aka ɗora Gwaggo, allurar ko motsi ba ta yi ba.

"Gwaggo, me ya hana ki cin abinci?" in ji Sa'ade.

"Kwana huɗu ina gidansa ban ga ya sa hannu a kwano ba," in ji kififiyar. "Baƙo ba ya riga mai gida."

Sa'ade ta fara rubutu a wani littafi. Malam Sallau ya yi sauri ya ɗago ledar.

"Auta, dakata ki gani. Na haɗa komai. Ga cikin akwatin a leda, ga dutse, ruwa yana gida yana barci."

"Ina bangon?"

"Wane bango?"

"Abin da zai riƙe su, Baba."

Don ya nuna mata yawan abin da ya sayo, sai ya kwance bakin ledar. Cikin akwatin ya zubo, bai sami abin da zai tare shi ba, ya malale. Kujeru suka ja baya da juna. Taga ta yi nisa da taga. Sa'ade tana nan tana rubutu, amma sai ƙanƙancewa take, kamar wadda ake hangowa daga wancan ƙetaren fili. Ruwan ma ya shigo ta ƙofar tarago da Alhamis manne a kumatunsa, yana tambayar wanda ya tashe shi, ya bazu ko'ina. Gwaggo ta fita daga bokitin ta kama iyo, ba ta yi sallama ba.

Malam Sallau ya shiga tattara faɗin da hannu biyu, yana tara shi a bakin riga, yana zubewa. Ya bi Gwaggo, ya tuna Sa'ade, ya juyo, ya tuna dutsen. Ya taɓa shi, ya ji ɗumin ya koma gefe ɗaya kawai. Yana tambayar fasinjoji ko akwai mai bango huɗu ya ara masa, kowa yana laluba aljihu yana ba shi haƙuri. Wata tsohuwa ta ce tana da uku, amma na marayu ne. Sai wata ƙara ta taso daga ƙarƙashin jirgin, ƙiiii, ta tsaya, ta sake tasowa. Ya ce a ransa birki ne ya kama, ya shiga neman inda zai sake shi.

Ya buɗe ido. Gari ya waye, har ya makara. Ƙarar tana nan, daga lungu take zuwa.

Ya leƙa bokitin, Gwaggo ta ɗago wuya ta dube shi, ba ta ce komai ba. Ya fita ko takalmi bai sa ba. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ne, mutum mai furfura a gemu, yake jan mataccen firji daga gidan maƙwabta a kan siminti. Firjin ba shi da ƙofa, an cire injinsa, cikinsa fari fes.

Malam Sallau ya tsaya yana kallonsa. Ya matsa ya auna tsawonsa da kamu, ya auna zurfinsa.

"Malam, dakata. Yana yoyo?"

Mutumin ya share gumi. "Baba, firji ne. Tun da nake sana'ar nan ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba."

"Kwantar mini da shi a bayansa."

Suka kama tare suka kwantar da shi. Malam Sallau ya shiga gida ya kinkimo jarkar ruwa, ya toshe ƙaramin ramin da ke ciki da tsumma, ya juye ruwan duka. Mutumin ya ce shi fa yana da sauran unguwanni da zai zaga, amma bai tafi ba. Suka tsuguna su biyu a lungun, kai kusa da kai, suna leƙen ƙarƙashin firjin.

"In bai ɗiga ba sai mu yi magana," in ji mutumin.

Malam Sallau ya ƙara sunkuyawa. Idonsa na kan simintin, simintin kuma a bushe yake.