Mai Shaidar Harouna

Ina tsakiyar waƙa a majami'armu ta Guéné salulata ta hau kuka cikin jaka. Na fita ina jin kunya, na ɗauka. Wata murya ta ce, "Ke ce yayar Harouna mai albasa? Ni Alhaji Zahiru, mai gidan da yake haya. Sai haƙuri, ya faɗi a kasuwa da safen nan yana sauke buhuna, Allah ya yi masa cikawa. Ki hanzarta, bayan azahar za mu yi masa salla."

Na ce, "Wace salla?" Ya riga ya kashe.

Ni Tabita, Harouna ƙanena ne, ciki ɗaya. Ubanmu mai bishara ne daga Dogondutsi, kuma rana ɗaya anka yi mana baftisma a gulbi. Amma tun da ya kama sana'ar albasa a Malanville, Lahadi ta zama ranar kasuwa, ba ta Ubangiji ba. Bakina ya tsufa a kan yaron nan. In na yi magana sai ya yi dariya, ya nuna mini salula: "Yaya, ga fastoci nan cike a ciki, wanda nake so nake kunnawa. In ya cika tsawo in kashe shi." Na ce, "To, ran da ka kwanta ciwo sai salular ta zo dubiya." Ya ce ai Allah na ko'ina. Shi ke nan amsar da yake ba ni, kamar shi ya fara gano ta. Da matarsa ta rasu na ce ko yanzu zai dawo. Ina! Gida ma ya sake, ya koma bakin kasuwa don kada tafiya ta wahalar da shi.

Na tare mai moto, na haye bayan babur ɗin, na ce ya kai ni Malanville. Ban san ko kuka nake ko faɗa ba, har mutumin ya waiwayo ya tambaye ni ko da shi nake.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika. An kawo makara, tela na gefe da farin yadi. Na shiga tsakiyarsu ko sallama ban yi ba, na ce, "Kada wanda ya taɓa shi! Harouna Kirista ne!"

Wani dattijo mai kumburarrun idanu ya miƙe, shi ne Alhaji Zahiru. "Baiwar Allah, mi kike faɗi? Kirista? Lahadi shi ke fara buɗe rumfa a layinmu. Juma'a yana rufewa da rana kamar kowa. Da azumi ban taɓa ganin ya kai ko ruwa baki ba."

"Rufewa yake ya shiga barci, don babu masu saye! Ruwan kuma a ɗaki yake sha!"

"Mu dai ba mu gan shi a masallaci ba," in ji shi, "sai munka ɗauka sakaci ne, muna rufa masa asiri."

Kun ji fa. Mutanen kirki, sun yi shekaru suna rufa asirin da ba shi ne asirin ba. Wallahi da Harouna na da rai a lokacin nan da na mare shi a gabansu.

Limamin unguwa, Malam Khalidu, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Zauna, ɗiyata. Ba mu riƙe gawar da ba tamu ba. Amma ni ma ina da Allah, ba zan miƙa gawa a kan maganar mutum ɗaya ba, ga jama'a suna cewa nasu ne. Je ki kawo wanda suke ibada tare, ya tsaya nan ya ce ya san shi. Za mu jira ki har a kira salla."

Gaskiya ya faɗa, sai na juya na fita neman mai shaida.

Abin haushin, majami'ar Malanville tana nan bayan kasuwa. Daga rumfarsa ana jin gangarsu. Na isa ina haki, an kusa tashi, ana sanarwa. Faston matashi ne, Barnabas, bai daɗe da zuwa garin ba. Na faɗa masa a kunne, ya ɗaga hannu ya tsai da kowa.

"Wa ya san Harouna mai albasa?"

Hannuwa sunka tashi, na mata musamman. Na ce madalla a raina.

"Ya rasu yau. Ɗan'uwanmu ne cikin Almasihu, ana neman wanda zai shaida."

Hannuwan sunka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta dafe ƙirji: "Ashe namu ne? Kai! Ni da nake saka shi a addu'a ko Allah zai buɗe masa ido!" Wata daga zumuntar mata ta ce ita har bishara ta taɓa yi masa a rumfa, ya saurare ta har ƙarshe, ya ce zai yi tunani. Zai yi tunani! Ɗan mai bishara, wanda ya haddace Zabura tun bai iya ɗaure wando ba.

Wani tsoho ya ce kamar yana tuna wani mai buga ganga a da, dogo. Na ce Harouna gajere ne. Ya ce to ba shi ba ne.

Na kama hannun Fasto Barnabas a waje, na ce, "Ɗana, ka zo kawai ka ce ka san shi. Kalma ɗaya ce."

Ya sunkuyar da kai. "Mama, zan bi ki. Amma ba zan faɗi abin da ban gani ba."

Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi birgima. Liman mai gaskiya, fasto mai gaskiya, ni kaɗai ce yau nake roƙon a yi ƙarya, kuma a bakin ƙofar majami'a. Ga inda son sauƙin Harouna ya kai ni.

Munka iso ladan na gyara murya. Fasto ya gaida Malam Khalidu, ya ce, "Malam, ni ne mai kiwon ikilisiyar nan ta bayan kasuwa. Mutumin nan ban taɓa ganinsa a sujada ba, kuma babu wanda ya gan shi cikin mutanena. Na dai gaskata yayarsa cewa an yi masa baftisma. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Na ce a raina shi ke nan, sun tafi da shi.

Liman ya daɗe yana jan gemu. Sannan ya juya ga mutanensa. "To, ku fa? Wa ya taɓa tsayawa sahu ɗaya da shi? Ko a sallar Idi?"

Babu wanda ya motsa.

"Wa ya taɓa jin ya yi shahada?"

Alhaji Zahiru ya share ido, ya girgiza kai.

"To ba mu da hujjar yi masa salla," in ji liman. "Ɗiyata, ɗauki ɗan'uwanki. Allah ya ba ki haƙuri."

Anka naɗe tabarmi, tela ya ninke yadinsa, masu makara sunka ɗauke ta. Ba da fushi ba, kowa sai da ya yi mini gaisuwa kafin ya wuce masallaci. Na samu abin da na zo nema, amma ban ji daɗin komai ba. An bar mini shi ne don babu wanda ya iya cewa nasa ne.

Munka shiga ɗakin, ni da fasto da matan majami'a biyu da sunka biyo mu. Yana kwance a kan tabarma, an rufe shi da zane, ƙafafunsa da ƙurar kasuwa. Fasto ya ce mu yi addu'a kafin a nemo akwati. Munka durƙusa.

"Ya Uba, ga mu a gabanka da baƙin ciki. Muna miƙa maka bawanka..."

Ya tsaya. Na jira. Da shirun ya yi yawa na buɗe ido, na ga shi ma nasa a buɗe, yana dubana, kunya ta rufe shi, sunan ya ɓace masa.

Na ce, "Harouna."