Ankon Malam-Buɗe-Littafi

Duk unguwar Trikania an san Lydia, Maman Friday, da abu biyu, iya ɗinki da faɗa a kan tsiro. Tsiron ma ba wani na kirki ba, tumfafiya ce, wadda ke fitowa a juji da kango, akuya ma sai ta rasa abin ci take kallonta. Akwai wani fili a bayan katangar cocinsu, gefen kwata, inda tumfafiyar ta yi gari guda. A nan malam-buɗe-littafi yake ƙwai, irin mai fukafukai ruwan lemo da baƙin gefe da ɗigon fari. Ganyen ne abincin tsutsarsa, in babu shi babu su. Lydia ta gano haka ne bayan an rufe masaƙar da take aiki, rashin abin yi ya sa ta riƙa zama a wurin tana kallo, har abin ya shiga ranta. Daga nan duk wanda ya doshi filin da adda sai ya ji bakinta.

Ba ita kaɗai take gadin ba. Celina, Maman Vicky, aminiyarta ce tun suna 'yan mata a gaban injin saƙa, tare aka sallame su, tare suke waƙa a zumuntar mata ta coci. Da hannunta ta sha ɗaga ganye tana nuna wa mutane ƙwan. Ita ce ma ta kawo shawarar a yi biki a ƙarshen damina, lokacin da malam-buɗe-littafi suka fi yawa, a gayyato makarantu da kansila da 'yan talabijin, unguwa ta san darajar abin da take da shi. Lydia ba ta son taro, amma ta yarda bisa sharaɗi ɗaya, ko reshe ba za a taɓa ba. Celina ta dafa ƙirji ta ce in an taɓa a tambaye ta. Aka naɗa ta shugabar kwamiti, kuma tsakani da Allah kujerar ta karɓe ta, har tafiyarta ta canza.

Biki kuwa ba ya yiwuwa sai da anko. Aka samo atamfa mai zanen malam-buɗe-littafi, duk da dai na jikin atamfar shuɗi ne, irin da ba wanda ya taɓa gani a bayan cocin nan. Celina ta tsaya kai da fata cewa ba telan da zai taɓa yadin sai Maman Friday, tun da ita ce uwar biki. Lydia ta ji daɗi sosai, har ta ɗan yi ƙwalla. Ta duƙufa a kan keke daga safe har yamma, ba ta ko leƙa bakin titi. Da ta ga aikin ya kusa ƙarewa sai ga Celina da wani ƙunshin yadin, wai matan makwabciyar coci su ma sun shigo. Kullum kuma sai ta zo mata da gwate mai zafi a kwano, ta zauna a kan benci tana ba ta labarin filin. Ta ce yanzu ta fito daga can, malam-buɗe-littafi suna nan lafiya lau, sun cika wurin kamar an zuba su.

Ana gab da biki Celina ta shigo gwajin riga, idonta na hagu ya kumbura ya yi jawur, yana ta zubar ruwa. Ta ce ciwon idon nan mai yawo ne ta kwaso a kasuwa. Hankalin Lydia ya tashi. Ta ajiye almakashi, ta je kemis da ƙafarta ta karɓo magani, ta ɗora kan Celina a cinyarta ta ɗiga mata, tana yi mata faɗan ba ta hutawa. Celina ta runtse ɗaya idon.

Ranar biki Lydia ta sa ankonta ta fito da wuri, zuciyarta fal murna. Tun daga kwanar coci ta ji lasifika. Da ta zagayo katanga sai ta tsaya cak, ta ɗauka ɓatan hanya ta yi. An share filin tas, an zuba jar ƙasa an daddaɓe, an kafa rumfuna an jera fararen kujeru. An rataye malam-buɗe-littafi na takarda a kan zare daga wannan rumfa zuwa waccan, iska na kaɗa su. Can bakin kwata ga tulin toka, da kututturan da wuta ba ta gama ci ba. Ƙwai da tsutsa da waɗanda suka rufe kansu a koren ƙwanso suna jiran fitowa, duk suna cikin tokar nan.

Celina ta taho da sauri cikin rigar da Lydia ta ɗinka mata, da baƙin tabarau a fuska. Tun kafin a tambaye ta ta fara rantsuwa cewa masu kafa rumfa ne suka yi ɓarnar, ita ma zuwa ta yi ta tarar. Ta ce amma Allah ya taimaka an kama malam-buɗe-littafi masu yawa kafin nan, ga su can a gidan sauro an ɗaure a kan tebur, kuma kwamiti ya yanke cewa Maman Friday ce za ta sake su a gaban baƙi. Kafin Lydia ta sami bakin magana mai gabatarwa ya kira sunanta, aka hau tafi, mata suka tura ta gaba.

Ta kwance gidan sauron ne kawai don ta ga suna bugun raga sun galabaita. Wasu suka zube a kan tebur ba su motsa ba. Sauran suka tashi, suka yi ta kewaya filin ƙasa-ƙasa, suna neman ganyen da suka sani. Da ba su samu ba suka haura katanga suka yi gabas. Yaran makaranta suka yi ihu, kansila ya miƙe yana tafi, mai kyamara ya bi su har suka ɓace. Lydia ta san ba su da dalilin dawowa, kuma ba ta taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba.

Ta juya za ta sauka sai ta ga Celina ta ɗaga tabarau tana goge idon da bakin gyale. A nan abin ya faɗo mata. Ciwon ido mai yawo ba ya tsayawa a ido ɗaya, kuma bai kama kowa a gidan Celina ba. Amma duk wanda ya taɓa saran tumfafiya ya san farin ruwanta mai tsartuwa, ya san abin da yake yi wa ido. Sai ta tuna ƙunshin yadin da ba ya ƙarewa, da gwaten, da labarin suna nan lafiya.

Ta matsa kusa da ita ta ce a hankali, “Maman Vicky, masu rumfa ne suka sara, ruwan ya faɗa idonki?”

Celina ta mayar da tabarau. Ta dubi kujeru, ta ce, “Maman Friday, ki duba fa. Kansila zai zo, talabijin za su ɗauka. A nuna mu a duniya muna zaune cikin tumfafiya kamar masu biki a juji? Na san ba za ki yarda ba. Ai tsiro ne, zai sake fitowa.”

Lydia ta dubi jar ƙasar da aka daddaɓe, ta dubi rigar Celina, ɗinkin ya zauna mata cif a kafaɗa.

“A cinyata kika kwanta,” ta ce. “Da hannuna na ɗiga miki magani.”

Aka kira zumuntar mata su fito waƙa. Matan suka jeru cikin shuɗin anko, suka bar gurbin Lydia kusa da Celina kamar kullum. Ita kuwa ta koma kan tebur, ta tattara waɗanda suka mutu a cikin gyalenta, ta bi ta bayan rumfa ta tafi gida.