Dashen Mangwaro a Gonar Aro

Da mai gidan haya ya ce mu tashi daga ɗakinmu na Sabon Garin Gusau, mijina Yusha'u ya ce gara mu koma gonar mahaifinsa da ke wajen Bilbis, mu yi ɗan gini, mu ci abin da muka noma. Tun rasuwar tsohon, ƙaninsa Baba Sahabi ke nomanta aro.

Ranar da za mu je dubawa na karyo reshen zogalen bayan ɗakinmu, don in ga ko ƙasar za ta karɓe shi.

Baba Sahabi bai shimfiɗa mana tabarma ba. Da na durƙusa gaisuwa, kai kawai ya ɗaga. Ya tambayi Yusha'u ko Gusau ce ta kore shi, sannan ya shige gaba zuwa gonar yana ta kushe ta. Wai ƙasar ta gaji, ciyawar ƙuduji ta cinye dawa, ruwa sai an yi tafiya, asibiti sai Tsafe, hanya kuma kowa ya san halin da ake ciki. Wai ko akuya ba za ta yi ƙiba a nan ba, balle ɗiyar birni mai sayen ruwa a jarka.

Yusha'u yana ta cewa haka ne, Baba. Ni dai ƙasa nake kallo. Da na duƙa na damƙi ƙasar, sai na ji ta da sanyi, baƙa, tana manne wa hannu.

Can gefen iyaka muka tarar da ƙananan mangwaro a jere, kowanne an kewaye shi da ƙaya, gindinsa jiƙe da ruwa. Yusha'u ya tsaya cak. Kowa ya san mai aron gona hatsi yake shukawa, ba ya dasa itace. Wanda ya dasa, cewa yake gonar tasa ce.

Baba Sahabi ya ce su suka fito da kansu. Yusha'u ya sunkuyar da kai, na ga alamar zai haɗiye maganar mu koma tasha. Ban iya magana gaban manya ba. Na matsa gefe, na tona rami da hannu, na kafa reshen zogalen, na danne gindinsa.

Baba Sahabi ya taho da sauri har hularsa na karkacewa. Ya fizge reshen, ya yi jifa da shi.

"Wa ya ba ki izinin dashe a nan? Gonar ubanki ce?"

Yusha'u ya je ya ɗauko reshen, ya kaɗe masa ƙasa, ya miƙo mini, sannan ya dubi Baba Sahabi ya ce:

"Ashe ka san abin da dashe ke nufi, Baba."

Da muka fito titi, maimakon tasha sai Yusha'u ya nufi ƙofar gidan mai gari don kai ƙara. Baba Sahabi na biye da mu yana zagi. Na riƙe reshen da kyau, don bai karye ba.