Simintin da Ya Riga Ya Sha Ruwa

Da zan gina wa yara ɗaki a bayan gida, wajen ƙanena na ɗauko siminti, tunda sana'arsa ce. Da hannunsa ya zaɓar min buhu goma sha biyu.

Sati uku da tarewar yaran, na jingina da bangon, sai na ji yashi na zubo min a wuya. Na sa farce, bango ya biyo farce. Yara huɗu ke kwana a ciki.

Magini ya rantse bai rage komai a kwaɓi ba. Ina ta zagaye ɗakin, sai babbar 'yata, wadda ke ajin kimiyya, ta ɗebo ragowar simintin a kofi, ta kwaɓa, ta ajiye kan taga. Bayan kwana biyu ta danna da yatsa, ya marmashe.

"Baba, wannan ya taɓa shan ruwa."

"To ba ya bushe ba?"

"Siminti ba bushewa yake yi ba. Ka ga ƙanƙara, ta narke, ka mayar firji ta dawo, ruwa ne dai. Shi kuwa in ya haɗu da ruwa, wani abu dabam yake zama. Ko an daka shi ya koma gari, kamarsa ce kawai ta canza. Ba ya sake kamawa."

Sai na tuna bara, da ruwa ya shiga shagon ƙanena. Ni na taya shi fitar da buhunan, sun sandare kamar duwatsu.

Na same shi a shago. Ga turmin ƙarfe da rariya a bayan ƙofa.

"Yaya! A ƙara maka buhu ne?"

Na ajiye kofin a gabansa. Ya leƙa, ya yi dariyar yaƙe.

"Haba Yaya, siminti ai siminti ne. Na daka shi lukui, har da sabo na gauraya. Wannan 'yar bokon ce ta zuga ka?"

"Ka san su wa ke kwana a ɗakin?"

"Ai bai faɗi ba."

"Naka 'ya'yan za ka kwantar a ciki?"

Ya hau kaɗe ƙura daga wandonsa. Na ɗauki kofina.

Kafin la'asar mun kwashe katifu zuwa falo, na aro guduma. Ina cikin rushe bangon, autata ta tambaye ni ko Baffa zai zo ya taya mu. Na ce ta matsa baya, kar ƙura ta shiga mata ido.