Kwanar da Makara Ba Ta Juyawa

Lungunmu a Zaitawa yana da wata kwana da makara ba ta juyawa a cikinta. Katangar gidan Malam Ɗalha ce ta tokare wurin, tsohuwar katangar ƙasa mai kaurin kamu biyu. Ranar da Malam Ɗalha ya rasu, a tabarma aka naɗe shi aka miƙa ta kan katanga zuwa gidan maƙwabta, kamar buhun gero. Matarsa Hajo tana tsaye tana kallo. Ni ma na gani, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Tana fita takaba ta ce a rushe katangar.

'Yarta Bahijja, wadda ta karanci aikin gini, ta ce bulo ma zai ci wuri. Ta kawo dabarar allunan siminti masu kaurin yatsa uku, da ragar waya a tsakiya. Maimakon tsakuwa, farin soson nan na cikin kwalin firji ake marmasawa a kwaɓa da simintin, sai allon ya fito ba nauyi. A wani fili a Ƙofar Na'isa ta zuba su, kullum tana yayyafa musu ruwa har suka yi ƙwari.

Sai ga Alhaji Mailafiya, wan marigayin, wanda bai taɓa yi wa katangar yaɓe ko na damina ɗaya ba, amma ranar ya tuna ta kakansa ce.

"Hajo, katangar soso za ki yi wa gidanmu? Kuma ki bar wa lungu ƙasar gado?"

"Yaya, ɓangaren nan rabon 'ya'yana ne, kuma sun yarda. Ƙaninka ta sama ya fita. Ni ta ƙofa zan fita."

Mota ba ta shiga lungunmu, komai sai a ka. Alhaji ya bi leburorin unguwa ɗaya bayan ɗaya ya ja musu kunne kada su ɗauko allunan, ya koma zaure yana jiran su tsufa a fili. Abin da bai lissafa ba shi ne rashin nauyinsu. Da hantsi Hajo ta yafa mayafi, ta naɗa gammo. Ita da Bahijja suka ɗauko na farko. Na ɗaura zanina na bi su, matan lungu suka biyo ni. Bibbiyu muke ɗauka, muna wucewa ta gaban zauren Alhaji, kowacce tana gaishe shi da ladabi.

Magini daga Gwale Bahijja ta ɗauko. Ya rushe tsohuwar, ya kafa ginshiƙai, ya ɗaure allunan. Alhaji ya zo ya doki ɗaya da sandarsa, ya ƙara, ya jingina kafaɗa ya tura. Katanga ko gezau.

Hajo ta aika wa liman, ta roƙi a kawo makarar masallaci. Mutane suka yi ta cewa wannan ai kiran mutuwa ne. Ta ce mutuwa ba ta jiran a kira ta.

Maza huɗu suka shigo da makarar a kafaɗa, ba kowa a ciki. Suka iso kwanar, suka juya, ko bango ba ta goga ba, har ƙofar gida.

Hajo ta daɗe tana kallon makarar. Sai ta dafa inda kan mamaci yake kwanciya.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Ban yi da wuri ba."