Rantsuwar da Ta Kwana

Duk zaman da Hamital ta yi da mijinta Gaddiyo, rantsuwarta ba ta taɓa kwana ba. Doka ta ce in mace ta rantse, mijinta ya ji a ranar, yana da ikon warwarewa. Shi kuwa ko ɗago kai daga akushi ba ya yi. "Na warware. Miƙo min man zaitun." Abin yana ci mata rai, sai ka ce bakinta na aro ne.

Bayan ya rasu, gardama ta haɗa ta da 'yarta Yahmol a kan gishirin miya. Hamital ta miƙe a gaban surukai, ta rantse da sunan Ubangiji ƙafarta ba za ta sake tsallaka ƙofar gidan Yahmol ba. Ta ɗan dakata, tana jiran muryar da ta saba ji. Shiru.

Da Yahmol ta haihu, Hamital ta je ƙofar gari wurin dattijo Pelatiya mai yanke hukunci.

"Baba, a warware min."

"Wadda mijinta ya mutu, rantsuwarta tana kanta. Haka aka rubuta. Ai girma aka ba ki."

"Girma? Yana da rai, maganata iska ce. Ya mutu, ta zama dutse. Wanda ya rubuta ɗin nan ya shawarci uwarsa kuwa?"

"Kama bakinki, Hamital, kada ki ƙara wata."

Mai jego ba ta fita sai kwanakin tsarkinta sun cika, ga shi mace ta haifa, kwanakin sun fi tsawo. Uwa ba shiga, 'ya ba fita.

Hamital ta ƙulle gurasar sha'ir da busasshen ɓaure, ta zagaya bayan gidan, ta zauna ƙarƙashin 'yar taga. Tana jin maƙwabta a ciki suna cewa yarinyar ta ɗebo hancin kakarta.

"Inna, ke ce?" in ji Yahmol daga ciki.

"A'a, tunkiya ce."

"Ki shigo mana. Wa zai faɗa?"

Hamital ta dafa bangon. Tunda take, rantsuwar nan ce kaɗai maganarta da ta tsaya da ƙafarta.

"Miyar nan dai gishiri ya yi mata yawa," ta ce. "Ɗago min yarinyar."

Tagar ta yi mata sama. Ta yi ɗage, ta zura hannu tana laluba, har ta kama wani ɗan diddige mai ɗumi. Ta riƙe shi har ƙafafunta suka gaji da ɗage.